Ƙaho a Bayan Baffa

Asabar, bayan la'asar

Yau Baffa Ba'ana ya yanki mutum. Tun zuwana Maiduguri ban taɓa gani ba, Ya Gumsu matarsa kuma ta ce ita ma tun aurensu ba ta taɓa ji ba. Muna ƙarƙashin darbejiyar da muke aski a nan unguwar Fezzan, yana gyara wa wani Alhaji saje, ni ina riƙe da kwanon ruwa, sai na ga askar ta yi tsalle. Jinin kaɗan ne, a bayan kunne. Alhajin ya ce ba komai, amma ya tashi da rabin gemu, bai tsaya an ƙarasa ba.

Baffa ya zauna a tabarma, ya kama hannuna ya ɗora a ƙirjinsa. Ya ce, "Tada, ji." Sunana Mikail, amma haka yake kirana, yaro kenan da yarenmu. Na ji. Kamar an sa kaza a buhu an ɗaure bakin. Ta buga ta buga ta buga, ta tsaya, ta sake bugawa a guje. Na ce Baffa mene ne wannan? Ya ce ta jima tana haka, kada in gaya wa Ya Gumsu.

Na gaya mata.

Da Hausa nake rubutawa don Kanuri ban iya rubuta shi ba. A aji huɗu na tsaya. In da kuskure, ni kaɗai zan karanta.

Litinin, da hantsi

Ya Gumsu ta kira Sista Florence, maƙwabciyarmu, mutuniyar ƙasar Hawul, nas ce a babban asibiti. Baffa ne ya yi wa 'ya'yanta maza kaciya, shi ya sa ba ta jin tsoronsa. Ta kama wuyan hannunsa tana kallon agogo, fuskarta ta canja.

Ta ce, "Baba Wanzam, kai kana gyaran jikin mutane, naka ka bar shi kamar motar haya."

Ya ce, "'Yar Hawul, zafin bana ne. Ƙaho biyu a kafaɗa, shi kenan."

Ta ce, "Ƙahon nan ka bar wa saniya. Gobe asibiti."

Talata, da yamma

Dzarma ƙanin Sista ya kai mu a Keke Napep ɗinsa. Ban taɓa shiga gida mai girman nan ba. Hanya kan hanya, duk iri ɗaya, da na je neman ruwa sai da wata mai shara ta dawo da ni.

Sun kwantar da Baffa, sun manna masa wayoyi a ƙirji da hannu da ƙafa. Wata na'ura ta fitar da takarda mai zane kamar sawun tururuwa a yashi. Daga nan wani ɗaki mai duhu, aka shafa masa wani abu mai sanyi kamar koko, sai ga zuciyarsa a talabijin. Na gan ta da idona. Ba ta da kyan gani.

Likitan ya yi mana bayani, Sista tana ƙara sauƙaƙawa. Wai zuciya ɗakuna huɗu ce. Na sama ba sa matsawa yadda ya kamata, rawar sanyi kawai suke yi. To in jini ya zauna a lungu ba ya gudu, sai ya daskare. In gudan ya ɓalle ya hau kai, shi ne shanyewar ɓarin jiki.

Magani biyu. Fari don zuciyar ta rage gudu. Ja ƙarami don jinin ya tsinke kada ya daskare. Za a sha jan wata guda cif, ba fashi ko na rana ɗaya, sannan a sa Baffa barci a buga wa zuciyar wutar lantarki ta koma daidai. Bayan nan ma zai ci gaba da sha har ƙarshen rai.

Likitan ya tambayi sana'arsa. Da ya ji, sai ya ajiye biro. Ya ce, "Baba, muddin kana shan wannan jan, kada a tsaga ka, kada a yi maka ƙaho. Jinin ba zai tsaya ba."

Muka kamo hanyar gida.

Ni aka ba wa aikin maganin, don ni ne mai waya. In ta yi ƙara bayan magariba, ja ɗaya tare da tuwo.

Alhamis, bayan azahar

An hana shi goro da shayi. Ya ce to a hana shi numfashi mana a huta.

Lahadi, da safe

Ba ya zuwa gindin darbejiya. Ni nake zuwa in shimfiɗa tabarma in zauna. Mutane suna zuwa su ce ina Wanzam, in ce yana hutawa, su ce Allah ya ba shi lafiya, su wuce shagon yaran nan masu injin aski. Ba wanda ya ce in gwada. Ko sun ce ma ba zan iya ba.

A gidanmu ba a ba yaro zabira, jakar kayan wanzanci, sai ya fara fitar da jinin wanda ya koya masa. Ƙahon farko a bayan maigidanka kake yi. In hannunka na da sharri, shi zai fara sha, ba ɗan mutane ba. Kakana ya yi a bayan ubansa. Mahaifina da Baffa sun yi a bayan kakana rana ɗaya, kowa da kafaɗarsa. Ni da bayan mahaifina ne zan yi, to abin da ya faru a garinmu ya faru, ko gawarsa ba mu samu ba. Shi ya sa aka turo ni wajen ƙaninsa. Baffa 'ya'ya mata Allah ya ba shi, duk sun yi aure. Ni kaɗai na rage.

Wanke ƙaho na iya. Wasa aska na iya. Na aske ƙwarya ta fi a ƙirga. Mutum ne ban taɓa ba.

Laraba, da la'asar

Baffa yana wasa aska don kada ya zauna haka, sai ta ɗan shafi yatsansa. Abin da ko yaro ba zai yi kuka a kai ba. Tun bayan azahar yake ɗiga har aka kira la'asar. Ya sa toka, ya sa yanar gizo, tsumma ya jiƙe. Ya ɗaga yatsan yana kallo kamar ba nasa ba.

Ya ce, "Sun mai da ni zoɓo."

Ya Gumsu ta yi dariya. Shi bai yi ba.

Asabar, da hantsi

Zuciyar ta rage gudu amma har yanzu tana tuntuɓe. Ina taɓa masa kullum. Ban san abin da nake nema ba.

Litinin, bayan magariba

Wani tsoho ya zo dubiya ya ce wa Baffa ita wutar asibitin nan kashe zuciya take yi tukuna sannan ta tayar, kuma ba kowa ke tashi ba. Sista ta ce ƙarya ne, su tsofaffin majalisa da za su yi shiru da marasa lafiya sun ragu. Amma Baffa ya ji na tsohon.

Da ta tafi ya kira ni ɗaki. Ya ce, "Tada, in na kwanta a gadon nan ban tashi ba, bayan wa za ka tsaga?"

Na ce zai tashi.

Ya ce, "In na tashi ma, jan nan har mutuwa ne. Ka ji da kunnenka. Bayana ya rufu kenan. Daga ni zabirar ta ƙare."

Na ce likita ya hana.

Ya ce, "Me likita ya ce? Faɗa mini yadda ya faɗa."

Na ce, muddin kana sha kada a tsaga ka.

Ya ce, "Muddin ina sha. To madalla. Ai ba mu saɓa masa ba."

Ban gane ba sai da wayar ta yi ƙara.

Talata, bayan magariba

Wayar ta yi ƙara. Na miƙa masa. Ya karɓa.

Alhamis, bayan magariba

Na miƙa masa. Farin dai yana haɗiyewa.

Jumma'a, bayan an sauko

A zabira akwai wani ɗan aljihu na ciki inda ake ajiye danƙon toshe ƙaho. Tun da na ga jajayen a ciki ban ƙara buɗe shi ba.

Sista ta tare ni a bakin famfo. Ta ce, "Ƙaramin Wanzam, tsohonka yana sha?" Na ce ina ba shi kullum. Gaskiya ce. Ina ba shi.

Ta ba ni lemo. Yana nan ban sha ba.

Lahadi, da yamma

Ya soki yatsansa da tsinin aska ya nuna mini. Ɗigo ɗaya, ya tsaya. Ya yi murmushi irin wanda ban gani ba tun ranar Alhajin nan. Ya ce jininsa ya dawo gida.

Gobe Ya Gumsu za ta biki unguwar Maisandari.

Litinin, da la'asar

Na yi.

Ya cire riga ya zauna a turmi, ya ba ni baya. Akwai tsofaffin tabo duk faɗin bayan, ya kai hannu ya nuna mini wasu ƙanana a kafaɗar dama, ya ce waɗannan mahaifinka ne ya yi mini shekarar da na yi ciwon wuya, ka yi naka a ƙasansu. Na wanke wurin. Na kafa ƙaho na zuƙa har kunnena ya yi ƙara, na toshe da danƙo. Fata ta taso. Na cire.

Na ɗauki aska. Ya ce, "Kada ka kalli askar, kalli fatar. Da wuyan hannu, ba da kafaɗa ba. Taɓa ka ɗaga, kamar kana tsoron tashin jariri."

Na yi bisimilla na tsaga. Bai motsa ba. Na mayar da ƙaho na zuƙa.

Da na juye a yashi, jinin ya fito guda, baƙi kamar hanta. Ya tura shi da tsinke ya ce, "Ka gani? Ya daskare da kyau." Sai na tuna bayanin da likita ya yi mana na lungun nan na zuciya. Na kau da kai na zuba ƙasa a kai.

Ya ɗauko zabira ya rataya mini a kafaɗa. Ya tofa mini addu'a a tafin hannu biyu. Ya kira sunan mahaifina ya ce, "Na sauke." Sannan ya yi kuka, ni ma na yi.

Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na yau ba. Ina so in rubuta wannan don kada in manta na ji shi.

Ya ce da zarar tsagar ta bushe zai koma sha. Kwana kaɗan ne, ba wanda zai sani.

Alhamis, bayan magariba

Ya haɗiye jan a gabana, har ya buɗe baki in gani. Alhamdu lillahi. An wuce wurin.

Litinin, da yamma

Yau aka yi wutar.

Kafin a shiga da shi likitan ya zo da kansa. Ya ce, "Baba, maganin nan ja, ka sha kowace rana? Ko sau ɗaya ka yi fashi, ka gaya mini, sai mu ɗaga. Ba laifi ba ne."

Baffa ya ce, "Kullum."

Likitan ya juyo gare ni. "Kai ne mai ba shi?"

Na ce eh.

"Kullum?"

Baffa yana kallona. Zabirar tana gida amma na ji nauyinta a kafaɗa. Na ɗaga kai na sauke.

Ba a daɗe ba aka fito da shi yana barci, da jan tabo a ƙirji da haƙarƙari. Sista ta kama hannuna ta ɗora a wuyan hannunsa ta ce, "Ji aikin Allah." Dum, dum, dum, dum. Kamar mace ɗaya tana daka, ba gaggawa. Ya Gumsu ta yi guɗa a cikin asibiti har aka zo aka ce ta yi shiru. A hanya Dzarma yana ta danna ham, wai a ba sabon inji hanya.

Talata, da hantsi

Ya ci tuwo malmala biyu. Ya ce numfashinsa ya kai har cibiya. Ya ce gobe za mu fita tare, shi zai zauna, ni zan yi aski, ya ga wanda zai wuce shagon inji.

Laraba

Ba zan iya rubutawa ba.

Jumma'a, da hantsi, a barandar asibiti

Shekaranjiya da safe ne. Mun shimfiɗa tabarma, ya karɓi askar zai nuna mini wani abu a kan dutsen wasa aska, sai ta faɗi. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun bai je ba. Ya dube ni, bakinsa ya zame gefe ɗaya kamar kitse a rana. Na ce Baffa. Na ce Baffa.

Sun ɗauki hoton kansa. Likitan ya ce gudan jini ne ya tashi daga zuciya ya toshe hanya. Da zuciyar ta koma matsawa da ƙarfi, sai ta turo abin da ke kwance a lungun. Ya ce abin da jan yake hanawa kenan, bai san yadda aka yi ya taru ba. Ya faɗa yana shafa goshi. Na ga bai ji daɗi ba.

Dama duk ta tafi, hannu da ƙafa.

Asabar, bayan azahar

Magana ɗaya ta rage masa. Ya Gumsu ta yi masa Kanuri, ta yi ta yi, ba ko ɗaya. Ta ce, "Malam, za ka sha kunu?" Ya ce, "Kullum." Ta ce ina ke ciwo? Ya ce, "Kullum." Ta fito baranda ta ce mini, mutumin da aka haifa da Kanuri, a rasa abin da zai rage masa sai Hausar kasuwa. Ta ce ko me yake nufi?

Na ce ban sani ba.

Lahadi, da la'asar

A unguwa ana cewa wutar asibiti ce ta ƙona shi, kuma Sista ce ta kai shi. Ya Gumsu ta daina amsa gaisuwarta. Jiya Sista ta aiko da farfesu, aka mayar da kwanon yadda ya zo. Dzarma ya gan ni a titi bai tsaya ba.

Duk da haka in Sista ta tashi aiki sai ta biyo ɗakinmu.

Talata, da hantsi

Ya Gumsu ta je gida wanka. Sista ta ce in taya ta mu juya shi kada bayansa ya yi gyambo. Muka juya, ta ɗaga rigar.

Tsagar ta warke amma sabuwa ce, kowa zai gane. Layi-layi a ƙasan na mahaifina.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Hannun wa?"

Na ce nawa.

"Yaushe?"

Na faɗa mata.

"Jinin bai yi ta zuba ba?"

Na ce ya tsaya da wuri.

Ta rufe ido. Ta sauke rigar a hankali, ta gyara masa matashi. Na jira ta mare ni. Da ta mare ni da na ji sauƙi. Sai ta ce, "Mikail, me ya sa ba ku tambaye ni ba? Katanga ɗaya ce tsakaninmu."

Baffa ya ce, "Kullum." Hawaye yana fita ta idon hagu.

Ta ce dole ta gaya wa likita, don ya san maganin bai gaza ba, kada a canja masa wani. Na ce Ya Gumsu fa? Ta ce, "Wannan ba aikin nas ba ne."

Laraba, da yamma

Ban gaya mata ba.

Alhamis, da yamma

Da muka leƙa gida, na buɗe aljihun danƙo na juye a tafin Ya Gumsu. Ta kalli jajayen, ta kalle ni. Ban iya haɗa maganar da kyau ba amma ta gane. Ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Ku da zabirarku." Ta ɗauki mayafi ta fita, na ji tana ƙwanƙwasa ƙofar Sista.

Tun da ta dawo ba ta yi mini magana ba. Ta dai ajiye mini tuwo.

Litinin, da hantsi

An sallame mu. Sun ce ƙafar wataƙila, in ana motsa ta. Hannun ba su ce komai ba. An mayar da shi kan jan. Yanzu Ya Gumsu ce mai ba shi, tana sa yatsa ta duba ƙarƙashin harshe.

Wani mutum daga Jiddari Polo ya zo, an yi masa haihuwa, gidansu Baffa ne ke yi musu askin suna tun kakanni. Ya ga Baffa a kwance, ya ga zabira a rataye a ƙusa. Ya ce, "Yaron ya karɓa ne?" Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce zai dawo.

Jumma'a, kafin a tafi masallaci

Gashin Baffa ya yi yawa, bai taɓa kai Jumma'a haka ba. Tun safe yake shafa kai da hagu yana kallon ƙusa. Ya Gumsu ta ce in kai shi wajen masu inji. Ya buga tabarma da hagun har ƙura ta tashi.

Ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, "In ka yanke shi, ka san ba zai tsaya ba." Maganarta ta farko gare ni kenan.

Na sauko da zabira. Na jingina shi a ƙirjina, na jiƙa kan da ruwan ɗumi da sabulu. Kan mutum ba kamar ƙwarya ba ne, yana da taushi, yana da rami a bayan kunne, akwai jijiya tana motsi a gefen goshi. Na ɗora askar. Sai ya ɗago hagunsa ya kama wuyan hannuna ya karkatar da shi kaɗan. Ya riƙe har askar ta zauna daidai. Ya saki.

Na aske shi tas. Ko ɗigo.

Ya Gumsu ta zo ta shafa kan ta duba bayan kunnuwa, ta kwashe gashin ta tafi.

Da na zo goge masa hannu, na ɗaga na daman, yana da nauyi kamar ba a jikinsa yake ba. Na sa yatsa a wurin da Sista ta koya mini. Dum, dum, dum, dum. Ba tuntuɓe ko ɗaya. Na jira ko za ta yi, ba ta yi ba.

Na ce, Baffa, na iya?

Ya buɗe baki. Na san abin da zai fito. Shi ma ya sani, sai ya rufe.